Tarken Fassarar Labarin Kimiyya: Haske, Rini da Ƙwayoyin Cutar da Suka Gagari Magani

1.0 Gabatarwa

Fassarar labarin kimiyya tana daga cikin ayyukan da ɗalibin Hausa zai fi cin karo da su bayan ya bar jami'a, ko dai a gidan rediyo, ko a ma'aikatar lafiya, ko a wata ƙungiyar wayar da kan jama'a. Galibi a aji mukan auna irin wannan fassara da ma'auni biyu, wato bin ƙa'idar nahawu da kuma amfani da kalmomin Hausa tsantsa. Wannan takarda tana ganin ma'aunan nan biyu ba su wadatar ba. Akwai na uku wanda ya fi su nauyi, shi ne abin da mai sauraro zai je ya aikata bayan ya ji labarin.

Domin a nuna haka, takardar za ta yi tarken jimla guda ɗaya tak:

(1) Masana sun gano wani sinadari mai amfani da haske wajen kashe ƙwayoyin cuta masu jure wa magani.

Wannan jimla ba daga wata jarida aka ɗauko ta ba. Na harhaɗa ta ne daga zaɓin kalmomin da ɗalibai suka fi yi idan aka ba su irin wannan labari su fassara, kuma duk wanda ya saba da labaran Hausa zai ji kamar ya taɓa jin ta. Tana da nata alheri: gajeruwa ce, ta dace da kanun labari, ba ta da kuskuren nahawu ko ɗaya. Duk da haka, za a nuna cewa tana iya ɓatar da mai sauraro a wurare biyar. Wurin da aka zaɓa don a gwada ta shi ne zangunan arewacin Gana, musamman Navrongo, tare da Bawku da Yendi da Salaga.

2.0 Dalilin Zaɓen Navrongo

Navrongo gari ne a can arewa maso gabashin Gana, dab da iyakar Burkina Faso. Mutanen ƙasar Kasena ne da Nankana, harsunansu kuwa Kasem da Nankani. A Bawku an fi jin Kusal da Mampruli, a Yendi Dagbani, a Salaga kuma harshen Gwanja. Hausa a waɗannan garuruwa harshen zango ce da kasuwa da tashar mota da wa'azi. Fataucin goro ne ya kai ta can. A ƙarni na 19 Salaga ita ce babbar kasuwar da ayarin Kano da Katsina ke nufa, har zuwa yaƙin basasar 1892 da ya tarwatsa fatake. Rubutu a kan cuta ma ba baƙon abu ba ne ga Hausawan wannan yanki, domin Alhaji Umaru, haifaffen Kano wanda ya zauna Salaga daga baya ya koma Kete-Krachi inda ya rasu a 1934, ya rubuta waƙa a kan annobar mura ta 1918 zuwa 1919.

Dalili na farko ke nan: a nan Hausa gada ce. Labarin da aka ji da Hausa yakan ƙetara zuwa wani harshe a bakin mai sauraro, kuma duk gurguwar fahimtar da ta shiga a zangon farko, ninkuwa take yi a na biyu.

Dalili na biyu shi ne sanƙarau. Navrongo tana cikin zirin ƙasashen da likitan Faransa Lapeyssonnie ya bayyana a 1963 a matsayin matattarar wannan cuta, daga Senegal zuwa Habasha. A annobar 1996 zuwa 1997 mutum fiye da 18,000 suka kamu a arewacin Gana, fiye da 1,300 suka rasu. A Nijeriya kuwa, a 1996 kaɗai, waɗanda suka kamu sun haura 100,000, mamata sun haura 11,000. Cibiyar Binciken Lafiya ta Navrongo, wadda ta faro a 1988 a matsayin sansanin gwajin bitamin A ga yara, aka kuma mayar da ita cikakkiyar cibiya a 1992, ta shiga bin sawun ƙwayoyin sanƙarau a maƙogwaron mazauna yankin tun daga 1998, tare da haɗin gwiwar wata cibiyar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi da ke Basel a Suwizalan. Saboda haka, mutanen Navrongo sun san masu bincike ido da ido, kuma labarin "sabon magani" ba tatsuniya ba ce a kunnensu.

3.0 Abin da Labarin Yake Nufi

Mai fassara ba ya iya fassara abin da bai fahimta ba. Don haka, kafin a taɓa jimlar, ya kamata a san ainihin batun.

Bakteriya halittu ne masu rai, ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Wasunsu kan rabu gida biyu a cikin minti 20 idan sun sami yanayi mai kyau. Magungunan da ke kashe su, wato antibayotik, sun faro ne daga fenisilin da Alexander Fleming ya lura da shi a 1928. Shi kansa Fleming, a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, ya yi gargaɗin cewa shan maganin da bai kai kima ba zai bar ƙwayoyin da maganin ba zai ƙara ci ba. Yadda abin yake faruwa shi ne: a cikin miliyoyin bakteriya akan sami 'yan ƙalilan da halittarsu ta ɗan bambanta. Magani ya kashe saura, su kuma su tsira, su hayayyafa, har ma su miƙa wa wasu bakteriyar wannan gado. Wani babban rahoto da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda wannan matsala, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina, da mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. Sanƙarau ma ya ɗanɗana haka: magungunan salfa da aka dogara da su a da sun daina ci tun wajen ƙarshen shekarun 1960, aka koma kuloramfenikol mai mai, daga baya seftirayazon.

Dabarar haske kuwa iri biyu ce. Ta farko tsohuwa ce. A 1900 wani ɗalibi a Munik ta Jamus, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini mai suna akiridin yana kashe ƙananan halittun ruwa idan akwai haske, amma a duhu ba ya yi musu illa sosai. Malaminsa, Hermann von Tappeiner, ya ci gaba da binciken har aka tabbatar cewa sai da iskar oksijin abin yake yiwuwa. Rinin yana zuƙar ƙarfin hasken, ya miƙa wa oksijin ɗin da ke kusa, ita kuma ta rikiɗe ta zama mai ƙuna, ta ɓarke fatar bakteriyar ta lalata kayan cikinta. Wannan oksijin mai ƙuna ba ta daɗewa, rayuwarta 'yan kaso ne daga cikin miliyan na daƙiƙa, don haka ɓarnarta ba ta wuce inda rinin ya zauna. Da yake ta fuskoki da yawa take kai farmaki lokaci guda, yana yi wa bakteriya wuya ta sami mafita, saɓanin antibayotik wanda galibi ƙofa ɗaya yake bi. Rinin da aka fi amfani da shi shi ne shuɗin metilin, wanda Heinrich Caro ya haɗa a 1876 don rina tufafi, kuma jan haske ne yake tayar da shi. Likitocin haƙori suna amfani da dabarar a kan ciwon dasashi, kuma tun 2011 babban asibitin Vancouver a Kanada ya shiga amfani da ita wajen tsabtace hancin majiyyata kafin tiyata.

Ta biyu sabuwa ce. A 2013 ayarin Ben Feringa a jami'ar Groningen ta Holan suka ba da rahoton wani antibayotik da aka ɗaura masa abin da ke sauya siffa idan haske ya taɓa shi. Da an haska shi sai ya kama aiki, bayan 'yan sa'o'i kuma ya koma siffarsa ta farko ya lafa. Manufar ita ce kada ragowar magani mai ƙarfi ya fita daga jiki ya shiga ruwa da ƙasa yana horar da bakteriya. Wannan aiki a ɗakin gwaji aka yi shi.

Duka biyun suna da iyaka guda: haske ba ya ratsa naman jiki da nisa. Jan haske ma, wanda ya fi ratsawa, bai cika wuce santimita ɗaya ba.

4.0 Tarken Jimlar

4.1 "Sun gano"

Aikatau gano, a shuɗaɗɗen lokaci na ɗaya, yana nuna aiki ya kammala. Idan kuma ya haɗu da zancen cuta, Bahaushe yakan ji "an gano magani", wato wahala ta ƙare. Nan kuskure biyu ne. Na farko, dabarar ta haura shekara 120, don haka ba yau aka gano ta ba. Na biyu, galibin labaran da ke fitowa a kan sabon sinadari suna magana ne a kan gwajin da aka yi a cikin faranti ko a jikin ɓera. Tsakanin faranti da gadon asibiti akwai shekaru masu yawa, kuma mafi yawan sinadaran ba sa ƙarasawa. Hausa tana da abin da za ta bambance wannan da shi cikin sauƙi:

(2) Masana sun gano magani.
(3) Masana suna gwada wata dabara a ɗakin bincike.

Bambancin gwaji da magani ba wasan kalmomi ba ne ga Hausawa. A lokacin annobar 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano, a gwajin da ya ƙunshi yara kusan 200, inda 11 daga cikinsu suka rasu. Jigon shari'ar da ta biyo baya, wadda aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, ya haɗa da tambayar ko iyayen yaran sun fahimci cewa gwaji ake yi. A Navrongo ma, Paulina Tindana da abokan aikinta sun buga nazari a 2006 a kan yadda ake neman amincewar mutanen Kasena da Nankana kafin a sa su cikin bincike. Mai fassarar da ya ce magani a inda ya kamata ya ce gwaji ya tsoma hannu cikin wannan matsala, ko ya sani ko bai sani ba.

4.2 "Sinadari"

Wannan kalma misali ce mai kyau ta faɗaɗa ma'ana. Asalinta daga maƙera take, abin da ake like ƙarfe da shi. A yau muna da sinadarin ɗanɗano, da sinadarin gina jiki, da sinadarin wanke ruwa. Faɗin nan shi ne ƙarfinta, shi ne kuma rauninta, domin ba ta gaya wa mai sauraro ko abin sha ne ko na shafawa. Tunda abin da ake magana a kai rini ne, me zai hana a ce rini? Kalmar tana da gindi a Ƙofar Mata ta Kano, tana da shi a Daboya ta ƙasar Gwanja inda ake rina zaren saƙa da baba. Kowa ya san rini kama abu yake yi ya zauna a jikinsa, kuma haka shuɗin metilin yake kama bakteriya. Bugu da ƙari, mutane sun saba da maganin nan mai launin shuni da ake shafa wa gyambo, wanda ake kira GV, shi ma asalinsa rini ne.

Sai dai a yi hattara. Idan aka ce shuni ko baba ko bula kawai, an buɗe ƙofar wani ya ɗebo ruwan karofi ko bular wanki ya zuba a miki. Dole kalmar ta zo da mai tsaronta, wato rinin asibiti. Akwai kuma wani ruɗanin: shi wannan shuɗin metilin Paul Ehrlich ya gwada shi a kan zazzaɓin cizon sauro tun 1891, kuma a shekarun 2000 an sake gwada shi a Nouna ta Burkina Faso. A can sha ake yi, babu ruwansa da haske, kuma yakan mayar da fitsari shuɗi ko kore. Nazarin da Nina Etkin da Paul Ross suka yi a wani ƙauyen Kano ya nuna cewa mutane kan auna magani da launinsa da ɗanɗanonsa da kuma alamun fitar cuta daga jiki. Ke nan, mai sauraro yana iya ɗaukar shuɗin fitsari a matsayin cuta ce take fita. Wajibi ne fassara ta faɗi ƙarara cewa a dabarar haske shafawa ake yi.

4.3 "Mai amfani da haske"

A Hausar yau, wannan yanki ya riga ya sami mai shi. Fitila mai amfani da hasken rana, famfo mai amfani da hasken rana, duk sola ake nufi. Wanda ya ji jimla ta (1) zai zaci rana ce ke aikin. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne akwai wasu hanyoyi biyu na gaskiya da suke kama da wannan. Akwai tsabtace ruwan sha ta hanyar shanya shi a rana cikin gorar roba mai garau na aƙalla sa'a shida. Akwai kuma shuɗiyar fitilar da ake sa jarirai masu shawara a ƙarƙashinta a asibiti. A na farko rana ce ke kashe ƙwayoyin, a na biyu hasken yana narkar da abin da ke sa fata ta yi rawaya ne, babu ƙwayar da ake kashewa. Jimla ta (1) ta zuba su duka cikin ƙwarya ɗaya.

Ta fuskar nahawu kuma, mai amfani da ya mayar da sinadarin aikau, haske kuma kayan aiki, kamar manomi da fartanya. Alhali sinadarin a kwance yake sai haske ya tashe shi. Gara a juya ginin, haske ya zama aikau:

(4) rinin da haske ke tayarwa
(5) maganin da haske ke kunnawa

Misali na (4) ya dace da dabara ta farko, na (5) kuma da ta biyu, tunda kunna ya riga ya saba da makunnin lantarki. Amma a lura da tarkon da ke gaba: kishiyar kunna ita ce kashe, kuma ita ce kalmar da muke amfani da ita ga bakteriya. Jimla kamar "idan an kashe sai ya daina kashewa" dariya za ta ba mutane. A nan lafa ko kwanta sun fi dacewa da maganin, a bar wa bakteriya kashe.

Idan akwai fili, kwatancen murhu yana taimakawa. Duwatsun murhu uku ne: rini, da haske, da iska. Cire ɗaya, tukunya ba ta zama.

4.4 "Ƙwayoyin cuta"

Wannan ƙirƙira ta yi wa Hausa aiki mai yawa, kuma ba a raina mata. Ƙamusun Bargery ya fito a 1934, kafin antibayotik ya shiga asibitoci, don haka masu wayar da kai na baya su suka nemo wa harshen hanya, kuma suka dace. Matsalarta ita ce ta yi wa wannan labari faɗi. Bakteriya ƙwayar cuta ce, bairos ƙwayar cuta ne, haka abin da sauro ke sakawa a jini. Antibayotik kuwa ba ya taɓa bairos. A binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 12 a 2015, har da Nijeriya, kashi 64 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ɗauka antibayotik yana maganin mura. Harshen da ya ba bakteriya da bairos suna ɗaya yana ƙarfafa wannan zato, shi ya sa mai mura ke zuwa kemis ya sayi kafso.

Haka abin yake ga sunan cutar. Sanƙarau, ko CSM kamar yadda ake cewa a Gana, suna ne na alama, wato sanƙarewar wuya. A ƙarƙashinsa akwai bakteriya daban-daban. Masu binciken Navrongo sun ba da rahoto a 2005 cewa a farkon shekarun 2000 wani nau'in sanƙarau ya yawaita a yankin, wanda bakteriyar ciwon huhu ce ke kawo shi, ba wadda aka saba gani a annoba ba. Rigakafin MenAfriVac, wanda aka fara a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010 ya kuma iso arewacin Gana a 2012, nau'i ɗaya kawai yake tsarewa. Uwar da aka gaya wa an yi wa ɗanta "rigakafin sanƙarau" tana da hujjar yin mamaki idan ya kamu daga baya.

Ita kanta ƙwaya tana da fuskoki da dama: ta hatsi, ta ido, ta magani, da wadda 'yan ƙwaya ke sha. Mai fassara da bai kula ba yana iya wayar gari da "ƙwayar ta daina jin ƙwayar". Ra'ayin wannan takarda shi ne a ari bakteriya da bairos, a yi musu bayani sau ɗaya a farkon labari, a bar ƙwayoyin cuta ta zama uwa da ta haɗa su. Masu ƙyamar aro za su ce an gurɓata harshe. Amsar ita ce harshen da ya karɓi asibiti da likita da allura da kafso bai lalace ba.

4.5 "Masu jure wa magani"

Nan ne gizo ke saƙa. Akwai aƙalla hanyoyi huɗu da ake ji:

(6) masu jure wa magani
(7) masu bijire wa magani
(8) waɗanda ba sa jin magani
(9) waɗanda suka saba da magani

Jure kalmar yabo ce, 'yar'uwar haƙuri, kuma mai juriya yakan gaji a ƙarshe. Mai sauraro zai ce to a ƙara yawan maganin har ta gaji, wanda kuwa haɗari ne. Bijire tana ɗauke da niyya da tawaye, kamar ƙwayar ta zauna ta yanke shawara. Misali na (8) shi ne ya fi zama Hausar baka, domin mun saba cewa ciwo ba ya jin magani, kuma yana da daɗin faɗa saboda kusancinsa da yaron da ba ya jin magana. Rauninsa shi ne bai nuna sauyi ba, wato bai bambance ƙwayar da tun asali maganin ba nata ba ne da wadda a da yana cin ta yanzu ya daina. Na (9) shi ne mafi muni, domin yana jan hankali zuwa ga maganar nan ta yau da kullum, "jikina ya saba da maganin". A binciken 2015 da aka ambata, kashi 76 cikin 100 sun ɗauka jikin mutum ne yake daina jin magani. Wanda ya yarda da haka zai ce matsalar ta masu yawan shan magani ce, ba ta shafe shi ba, alhali ƙwayar da ta gagara a jikin maƙwabci ita ce za ta kama ɗansa.

Shawarar wannan takarda ita ce aikatau gagara. Ɗan aji na biyu ne a tsarin Parsons, yana ɗaukar karɓau kai tsaye, kuma ma'anarsa ta ƙunshi cewa an gwada an kasa:

(10) bakteriyar da ta gagari fenisilin

Har ila yau yana ba da harɗaɗɗen suna a kan tsarin gagara-gasa da gagara-misali, wato gagara-magani, wanda zai shiga kanun labari ba tare da cin wuri ba. Shi ma yana da nasa aibi. Idan aka ce ta gagari magani ba tare da an faɗi wanne ba, ana iya jin cewa asibiti ya sallama, sai a nufi wani wurin. Maganin wannan shi ne a riƙa ambaton sunan maganin, ko a ce wasu magunguna. Mutanen Gana suna da abin kwatance a hannu: kulorokwin, wanda ƙasar ta sauke daga matsayin maganin farko na zazzaɓin cizon sauro a 2004 bayan ƙwayar ta gagare shi, aka kuma maye gurbinsa da wani.

5.0 Matsalar Karin Harshe

Duk abin da aka faɗa a sama ya shafi Daidaitacciyar Hausa. Hausar Gana, wadda masana ke kira Gananci, tana da siffofinta. Biyu daga ciki sun shafi wannan batu. Ta farko, a bakin masu magana da yawa ƙ da ɗ da ɓ sun koma k da d da b. Wannan bai cika kawo cikas ba, domin muhallin magana yakan warware. Ta biyu ta fi muhimmanci, wato raunin bambancin jinsi. Dubi wannan:

(11) Ƙwayar ta shiga jikin yaron, an ba shi magani, amma ta ƙi ji.

A Kano, zagin aikatau ta shi kaɗai ya isa ya nuna ƙwayar ce ta ƙi, ba yaron ko jikinsa ba. A inda ya da ta suka haɗe, wannan alama ta ɓace, kuma jimlar ta faɗa cikin ramin da aka yi gargaɗi a kansa a 4.5. Ke nan, mai rubuta wa zangon Bawku ko Yendi kada ya ɗora ma'ana mai nauyi a kan wakilin suna. Ya maimaita sunan, ko da malamin salo zai ce ya yi maimaici.

6.0 Gyararriyar Fassara

Idan aka tattara abubuwan da suka gabata, ga yadda labarin zai iya fita a rediyo:

(12) Masu bincike suna gwada wata dabara ta kashe bakteriya, wato irin ƙwayoyin cutar da ke sa gyambo ya ruɓe. Ana shafa wani rinin asibiti a wurin, sai likita ya haska shi da wata jar fitila ta musamman. Rinin ba ya aiki sai fitilar ta tashe shi, kuma shanya miki a rana ba ya maye gurbinta. Dabarar tana kashe har bakteriyar da ta gagari wasu magungunan da aka saba da su. Amma inda haske ke kaiwa kawai take aiki, kamar fata da baki da hanci. Ba ta maganin sanƙarau. Duk wanda ya ga zazzaɓi da sanƙarewar wuya, ya garzaya asibiti.

Adalci ne a yi wa (12) tarke kamar yadda aka yi wa (1). Ta ninka ta tsawo har sau biyar ko fiye, kuma edita mai daƙiƙa 20 zai yi tsaki. Ta kuma ƙara abin da watakila babu shi a labarin asali, musamman jimloli biyu na ƙarshe, don haka mai ra'ayin fassarar kalma da kalma zai ce wannan ta wuce fassara ta zama sharhi. Ƙorafin yana da ƙarfi. Sai dai marubucin asali ya rubuta ne ga mai karatun da ya riga ya san haske ba ya isa ƙwaƙwalwa, kuma ba ya zaune a inda sanƙarau ke kashe yaro cikin kwana ɗaya ko biyu a watannin zafi. Abin da wancan mai karatu ya zo da shi daga gida, dole mai fassara ya kawo wa nasa mai sauraron.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta ɗauki jimla ɗaya mai lafiyayyen nahawu, ta nuna wurare biyar da take iya ɓatar da mai sauraro: lokacin aikatau da ya mayar da gwaji magani, da sinadari da bai faɗi sha ko shafawa ba, da mai amfani da haske da ya koma sola, da ƙwayoyin cuta da ta haɗe bakteriya da bairos, da kuma jure da saba da suka karkatar da laifi daga ƙwaya zuwa jiki. An ba da shawarar rinin asibiti, da tayarwa ko kunnawa, da aron bakteriya, da gagara. An kuma nuna cewa raunin jinsi a Gananci yana tilasta maimaita suna.

Waɗannan shawarwari ba hukunci ba ne, kuma bakin jama'a ne zai tabbatar da su ko ya watsar. Saboda haka ana son kowane ɗalibi ya karanta wa mutum uku da ba su yi karatun boko mai zurfi ba jimla ta (1), wasu ukun kuma ya karanta musu ta (12). Kada ya tambaye su ko sun gane. Ya tambaye su abin da za su yi idan ɗansu ya tashi da gyambon da ya ƙi warkewa, ko da wuyan da ya ƙi lanƙwasuwa, sannan ya rubuto amsoshin yadda aka ba shi su, ya kawo aji mu tattauna.